Tudun da Ulbosin Ta Zana

Shekara talatin da ɗaya Ulbosin ta yi tana zana taswirar ƙarƙashin ƙasa a wani ofishi a birnin Aktobe, ba ta taɓa taka filin man fetur ɗin da take zanawa ba. Ba ta yi karatun duwatsu ba. Hannu gare ta mai kyau, shi ya sa aka ɗauke ta tun tana budurwa. Masana su kawo lambobi, ita ta ja layi. Layukan kuwa a matse suke, wai alamar dutsen da man ke ciki a karkace yake sosai. Ta san a ƙasa yake, amma a ranta saman ma tudu ne haka, har tana tausayin masu hawansa kullum.

Da za ta ajiye aiki aka tambaye ta abin da take so. Ta ce a kai ta ta ga tudun.

Bayan tafiyar awa huɗu mota ta tsaya a fili shimfiɗe, ba komai sai raƙuma da bututai masu huci. Ta ƙi sauka, wai direba ya ɓata hanya.

Orazali, dattijon da ke kula da tukunyar tururi, ya leƙo ta taga, ya kira ta Apa, wato babbar yaya. "Apa, sauko mana, kin iso."

"Ina tudun?"

"Ai kina kansa."

Ya kai ta ɗakin ma'aikata, ya zuba mata shayi da madara. Ga taswirarta a bango, yatsu sun baƙanta ta. Ya shafa daskararren kitse a faranti, ya karkata shi a bakin buta mai huci, kitsen ya fara gangarowa.

"Man nan kauri gare shi. Mu tura tururi ya hau sama, mai ya narke ya gangaro, mu tare shi a ƙasa."

Ta ɗora yatsa a kan lamba ɗari shida. "To me ya sa kuke tarewa a nan? Ai nan ne ƙololuwa."

"Nan ne gindi, Apa. Babbar lamba zurfi ce."

"Tsayi dai! Ni fa na zana."

"Ke kika zana, ni nake haƙuri da shi."

Ta ajiye kofin. Ashe duk shekarun nan tudun a kife yake a cikin kanta.

"Kenan na ɓata muku aiki?"

"Ina! Rijiya sittin aka haƙa a kan layinki, biyu kaɗai suka ba mu kunya."

Ta rasa ta yi murna ko ta yi kuka. Ta ce ya kai ta ƙololuwar ta gaskiya. Suka taka har gefen wani bututu, ya ce nan ne. Ta buga ƙafa, ta duba gabas, ta duba yamma, ko'ina ɗaya.

"Gangaren ta ina?"

Ya nuna wajen raƙuma. Ta daɗe tana kallo.

Yanzu tumatir take nomawa a bayan gidanta. In aka tambaye ta aikin da ta yi, sai ta ce zane, ta miƙa wa mutum shayi.