Maikano Mai Ruwan Batir

Duk direban da ya yi jigilar gyaɗa ta gadar Wudil a wajen 1955 ya san Maikano mai ruwan batir. Rumfarsa na jikin tawa a bakin tasha, ni ina awon hatsi, shi yana haɗa asid. Siriri ne marar yawan magana, rigarsa duk huji saboda fallatsin asid. Nakan yi masa tsiya cewa gara ma ta fi shi tausayin tufafi.

Mutumin nan bai yi boko ba, amma lissafi a kansa yake. Asid ɗin da ake kawo masa daga Kano mai ƙarfi ne, sai an surka shi kafin a zuba a sabon batir. Kofin tangaran guda yake awo da shi: uku na ruwa, ɗaya na asid. In tulun gilashinsa zai ci kofi goma sha biyu, tara ruwa ne, uku asid. In kuwa aka kawo masa wanda an riga an ɗan surka, sai ya tsoma wani ma'auni na gilashi ya duba, ya yi 'yan zane-zane a ƙasa, ya rage ruwa. Ruwan ma ba na kogi ba ne, na sama yake tarewa da damina. Batirin da ya sha haɗinsa sai ya shekara biyu garau. Wannan sunan shi ne duk abin da Maikano ya mallaka.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a Darki. Zai yi mako biyu, ga kaka ta kama, motoci sai shigowa suke yi. Ya miƙo min kofin.

"Ya'u, kai ma mai awo ne. Ruwa za a fara zubawa, asid ya biyo a hankali. Uku da ɗaya, a shafe baki. Ka ji?"

"Haba Maikano! Shekara ashirin ina riƙe da mudu, kofi ne zai gagare ni?"

To, nan na tafka wautar. Mu masu awo, in ka auna wa mutum ba ka sa masa gyara ba, ɗan ƙarin nan da ake yi a kai, ka zama marowaci. Hannuna ya saba. Da Labaran direba ya kawo sabon batir muka gaisa har da tambayar iyali, sai na ga kofi ɗaya cak ya yi rowa. Ruwa kuwa ai ba abin kyauta ba ne, asid ne mai daraja. Na ƙara rabin kofi a kan kowane awo. Mota shida na yi wa haka, ina murna wai ina jawo wa abokina kasuwa.

Ran da ya dawo ya tsoma ma'auninsa a ragowar tulun, ya daɗe yana kallo. Ya goge ma'aunin ya ajiye. Motocin sun riga sun bazu, wasu Azare, wasu Potiskum.

Kafin ruwa ya sauka batiran shida duk sun mutu, asid ya cinye cikinsu. Motar Labaran ta ƙi tashi ran kasuwa, shaƙe da kaya. Ya zo rumfa ya yi wa Maikano wankin babban bargo a gaban jama'a.

Maikano ya ce, "Haɗin rumfata ne. Ka yi haƙuri."

Ina zaune a kan buhu, taku uku tsakaninmu, na yi gum. Tsoron kunya ya ɗinke min baki, kuma abin da ke ci na ke nan har gobe. Magana kuwa zarar bunu ce, balle a bakin direbobi. Suka koma kai batiransu Kano. Shekara ba ta zagayo ba ya rufe rumfa, ya koma noma a Darki. Ni kuwa na riƙa lallashin kaina cewa wataƙila ya ɗauka asid ɗin ne ya zo da ƙarfi daga Kano.

Bayan shekara uku damina ta yi gardama, sai ga shi ya zo sayen gero wurina. Muka gaisa, na auna masa mudu biyar, na ciko hannu biyu zan zuba masa gyara. Sai ya riƙe min hannu yana ɗan murmushi.

"Bar shi haka, Ya'u. Na taɓa cin gyaranka."

Ya ɗaure bakin buhunsa ya saɓa. Geron na hannuna har Maikano ya ɓace cikin kasuwa. Ya rasu kafin kaka, ban nemi gafararsa ba.