Neman wanda ya gani da ido

Ina aji uku a jami'a na kamu da son falsafa. A nan na haɗu da ra'ayin masu cewa babu wata gaskiya guda tak, kowa daga inda yake tsaye yake hangen abu. Ra'ayin ya shiga raina sosai. In na zo hutu Faskari, ko gardamar ƙwallo ake yi sai in ce kowa da gaskiyarsa, abokai su yi ta yi mini dariya.

A damanar wannan shekarar 'yan bindiga suka tare motar da yayana ya shiga daga kasuwar Ƙanƙara. Kafin in iso gida labari ya rarrabu. Wannan ya ce an harbe shi, wancan ya ce an shiga daji da shi. Har an fara yaɗa hotonsa a waya ana nema masa gafara. Matarsa ta daina cin abinci. Ƙanen mahaifinmu ya ce gara a zauna a karɓi gaisuwa, hankali ya kwanta.

Na zauna a zaure ina jin masu shigowa, kowa da nasa zancen, sai abin ya ishe ni. Yayana dai ko yana numfashi ko ba ya yi, babu na uku.

Na ce wa ƙanen mahaifin namu, "Baba, a ɗan dakata mini tukuna."

Ya ce, "Mi za ka yi wanda ba a yi ba?"

"Zan nemo wanda ya gani da idonshi."

Na ari babur na fara bin zancen. Wanda ya ce an yi harbi, a wurin mai shayi ya ji. Mai shayi ya tura ni Sheme wurin direban motar. Direban ya ce, "Ni dai na kwanta cikin dawa, na ji ƙarar bindiga, amma wallahi ban ga gawa ba." Shi ya kwatanta mini gidan wata dattijuwa a Ƙanƙara da aka saki saboda ta kasa tafiya. Ta saurare ni har na gama kwatanta shi, sannan ta ce, "Dogo mai wushirya? Shi ya riƙa mani hannu muka haye rafi. Da ƙafarshi na baro shi."

Daga nan na riƙa bin ƙauyukan bakin daji ina tambaya. Wasu suka ce in haƙura, wasu suka ba ni fura. A Sabuwa wani mai gyaran taya ya ce manoma sun tsinci wani mutum a gona, zazzaɓi ya hana shi faɗin ko daga ina yake, yana gidan mai unguwa.

Na je na ishe yayana kwance kan tabarma, ƙafafu sun kumbura, ashe tserewa ya yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ba ka makaranta?"

Na fashe da kuka, mai unguwa na dariya.

Da muka shigo Faskari yana rungume da ni a bayan babur, mutane suka bar shaguna suka biyo mu da kabbara. Mata suka ɗauki guɗa tun daga bakin layi. Inna ta fito ba ko takalmi, ta kama fuskarsa tana shafawa, ta juya ta ce a kama babban zakaran nan a yanka.