Mama Loyis, Wadda Ta Hana Kwakwa Ruwa

Kun sha wucewa ta gaban rumfar ledar nan ta bayan Dutse Uku, kun hangi wata dattijuwa da takalmin roba tana duba ganye, kun kau da kai. Manja ya yi tsada kun cika kasuwa da ƙorafi, amma ko ɗayanku bai taɓa tambayar me Mama Loyis Gyang take yi a ciki ba.

Kullum da safe ita ke buɗe rumfar, ta bi ledar da hannu ko sanyin Jos ya sami ƙofa, don kwakwar manja ba ta shiri da sanyi. Dashen layi biyu ne. Na dama ta ba shi ruwa, na hagu ta hana shi da gangan. Idan ƙishirwa ta kai wa kwakwa wuya, akwai ƙwayoyin gado da ke farkawa a jikinta, su toshe ƙofofin ganye, su tura saiwa ƙasa neman laima. A jikin wata kwakwar suna farkawa da wuri, wata kuwa har ta mutu suna barci. A daidai lokacin ake yankar ganye a kai ɗakin bincike, don a gane irin da za a ba manoman gangare da damina ta fara yi wa rowa. Ruwa ya taɓa dashen kafin yanka, aikin shekara ya tafi.

Bara, ana gab da yanka, aka ce baƙin da ke ɗaukar nauyin aikin suna hanya. Oga Natana'el, shugaban wurin, ya shigo ya ga layin hagu duk ya langaɓe. Ya san dalili sarai, tsoro ne ya kama shi.

"Sharafaddeen, jawo tiyo! Ba za su zo su tarar da maƙabarta ba."

Sharafaddeen mai ban-ruwa, wanda har yau yake ba da labarin, ya ja tiyo ya tarar Mama ta dafe kan famfo da hannu biyu.

"Mama, ki rufa mini asiri, oga ne ya ce."

"Ɗana, sai dai ka ɗauke ni tukuna."

"Madam Loyis," in ji oga, "in suka janye hannu, da me zan riƙe ku?"

"In muka jiƙa su fa, me za mu kai wa manomi? Hoto?"

"Zan rubuta miki takardar tuhuma!"

"Rubuta, oga. Biro na aljihunka, famfo na hannuna."

Ga ƙarar motoci a ƙofa. Mama ba ta saki famfon ba. Baƙi suka shigo, suka ga busasshen layi, suka murtuke fuska, suka fita. Takardar tuhuma ta zo, ƙarin girman da take jira ya wuce ta. Ganye kuwa an yanke shi da ƙishirwarsa, kuma a cikin layin nan aka sami 'yan kwakwa da suka ƙi mutuwa, tsakiyarsu kore shar. Su ne iyayen irin da ake jira.

Mama, ke ce mai riƙon famfo. Ke ce kika yarda a ga muni, da dai a yi wa manomi ƙarya. Mun gode, Allah Ya saka miki.

Sai dai godiya ba ta liƙe leda. Ƙarshen watan nan Mama za ta yi ritaya, ba a naɗa kowa a gurbinta ba, ledar kuma ta yage ta gabas, sanyi na tafe. Ku ɗaliban noma da ke zaman jiran aikin ofis, ku je ta nuna muku aikin tun tana nan. Sauranku ku tafi wurin Oga Natana'el, ku tambaye shi wa zai dafe famfon nan ranar ɗaya ga wata. Kada ku taso sai ya faɗi suna.