Faifan Shara na Mista Bitrus

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagona na Ƙofar Dundaye ranar Asabar da hantsi ya san kiran nan. Mista Bitrus zai iso a kan tsohon kekensa, ya jingine shi da darbejiya, ya garƙama masa kwaɗo har biyu, alhali ko kyauta aka ba ɓarawo keken nan sai ya yi shawara. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe murya kamar mai cigiyar akuya:

"Akwai mai kaya a Shara? Ɗaya! Akwai mai kaya a Shara? Biyu!"

In ya kai uku ba wanda ya tanka, sai ya shiga ya zauna gaban kwamfuta, ya goge duk abin da ke cikin ƙaramin faifan ajiyar nan da ya raɗa wa suna Shara. Ni kaɗai ne fa mai shagon. Wata rana na ce masa, "Mista, wa kaka yi ma shela? Ni ɗaya ka taɓa injin ga."

Ya ce, "Malam Ummaru, shaidu nake kafawa."

Yau wata biyu ke nan da rasuwarsa. A wurin zaman makoki a Gidan Dahala na ji wasu suna cewa, "Allah sarki, Mista Arha," suna dariya ƙasa-ƙasa. Ni na jawo masa sunan nan, kuma bai cancance shi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan da tsufana, ni da karatun boko bai yi nisa ba.

Ga waɗanda ba su san farkon abin ba: Mista Bitrus mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo Sakkwato yana saurayi ya koyar da buga tafireta a makarantar sakandare, daga baya ya koya wa kansa gyaran kwamfuta. Da ya yi ritaya sai ya mai da shagona ofishinsa. Ni kuma hoto nake ɗauka da bidiyon biki da suna.

Wata shekara kwamfutata ta fara nishi. In ina haɗa bidiyon biki sai ta tsaya cik, amarya ta sandare da loma a hannu. Mista ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Faifai ɗaya gare ka, kuma kana aikin tela da shi."

"Wane tela kuma?"

"In kana yanka bidiyo, injin yana zubar da ƙyallaye. Tarkace ne na wucin gadi, yau ya rubuta, gobe ba su da amfani. Kai kuma a cikin akwatin da kake ajiye shaddar mutane yake zuba su. Ga shi ya cika, ga shi yana gajiya. Faifai na biyu za mu sa masa, na tarkace kawai."

Na ce to madalla, mu sayi babba mai tsada, irin wanda in mutum ya ji labarinsa zai san ba shagon wasa ya shigo ba.

Ya sauke gilashinsa zuwa kan hanci ya dube ni. "Wa zai gan shi? A cikin cikin inji yake zama, cikin duhu. Ƙarami muke so, mai sauri, irin sabbin nan da ba sa juyawa. In ya mutu mu yar, ba mai kuka."

Wayyo, ranar sayen faifan nan! Muka tafi kasuwa, shi da jakar buhun shinkafa a kafaɗa, tsohuwar kwamfutarsa ta hannu a ciki, naɗe da tawul. Muka shiga shagon Nasiru mai kayan kwamfuta. Nasiru ya fito da na gwanjo, ya ce wannan rabin kuɗi ne. Mista ko taɓa shi bai yi ba.

"Wa ya san wahalar da ya sha a gidan ubangidansa na fari? Irin waɗannan rubutu ke tsufar da su. Ba na sayen tsufan wani."

Nasiru ya ɗauko wani cikin kwali mai ƙyalli, wai girmansa ya ninka na sauran sau huɗu, kuma ya fi su arha. Idona ya rufe. Na ce, "Mista, wanga na! Ga girma ga sauƙi, mi kaka jira?"

Ya ce, "Jira nake ya faɗi gaskiya."

Ya jawo kujerar Nasiru, ya zauna, ya haɗa faifan da kwamfutarsa, ya fara cika shi da bidiyoyi. Wai sai ya cika shi taf sannan ya buɗe kowanne ya gani ko yana nan lafiya. Nasiru ya ce, "Baba, har yaushe?" Ya ce, "Har ya cika, ɗana. Wannan gyaɗar ta sayarwa ce ko ta baƙi?"

Muka je Azahar muka dawo, yana nan. Ya cinye gyaɗar. Can sai ya kira mu, ya nuna mana: abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu duk ya lalace, in ka buɗe sai baƙin allo. Ashe girman a jikin kwali kawai yake. Nasiru ya riƙe baki, don shi ma haka aka sayar masa. Sai Mista ya nuna mafi ƙanƙanta a cikin gilashi, sabo, mai suna sananne, ya ce a ba shi wancan ya gwada.

Nasiru ya haɗa hannuwa biyu. "Baba, don girman Allah, ɗauka kyauta ka tashi mini daga kujera!"

"A'a. Kyauta ba ta da rasit. In ya mutu gobe wa zan kama?"

Sai da ya gwada shi ma, ya taya, ya sake tayawa, ya sa aka ba shi wayar haɗa faifan a matsayin gyara, ya karɓi rasit ya ninke cikin hularsa. La'asar sakaliya muka baro kasuwa.

Da muka dawo aka rasa kusar da za a ɗaure faifan. Na ce bari in aika a sayo. Ya ce a kan me? Ya fita ya yanko robar tsohon tiyub ɗin kekensa, ya ɗaure faifan tamau kamar kayan amarya a bayan mota. Ya manna masa filasta ta kyamis, ya rubuta SHARA da manyan baƙaƙe, ko da yake ba mai gani sai wanda ya kwance injin. Sannan ya kafa doka: kada a ajiye komai mai daraja a ciki, kuma duk Asabar za a share. Kwamfuta kuwa ta koma gudu kamar an yi mata sabon jini.

To, ga inda laifina yake.

An yi bikin ɗiyar Alhaji Maiturare na Unguwar Rogo, kwana uku ina ɗauka. Ranar Juma'a na dawo shago a gurguje, ana shirin tafiya masallaci, ga wani suna da zan ɗauka da yamma, kuma katunan kyamara duk sun cika. Na duba babban faifai, ba wuri. Na duba Shara, fili fetal. Na ce a raina, kwana ɗaya ne, da safe in kwashe. Na juye bikin kaf a ciki, na goge katunan, na je na ɗauki suna a kansu.

Asabar da hantsi ina kan benci muna musu da su Malam Sani a kan farashin taki, har na miƙe tsaye ina nuna yatsa. Mista ya iso ya yi kiransa. Ɗaya. Biyu. Kafin ya kai uku, ni da bakina na juya na ce, "Babu kowa, Mista, share abinka ka ƙyale mu!"

Sai bayan Azahar abin ya faɗo mini. Na ruga wurin Mista. Na ce masa ko akwai dabara. Ya gwada duk abin da ya sani, ya girgiza kai. "Irin wannan faifan in ya share, ya share."

Da Alhaji Maiturare ya zo, ga mutane cike da benci, ya tambayi bidiyon ɗiyarsa. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Alhaji, wani ɗan faifai na mai arha da Mista ya sa muna, shi ya cinye aikin."

Mista yana zaune a ciki, yana ji. Ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi. Na jira ya kira shaidunsa, ga su nan zaune, duk sun ji da kunnensu abin da na faɗa da safe, sai dai ba su san me ake sharewa ba. Bai kira kowa ba. Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Za mu ga abin da za a yi."

Mako uku yana yawo a keke gida-gida, yana roƙon waɗanda suka je bikin su tura masa abin da suka ɗauka da wayoyinsu. Ya haɗa bidiyo. Kai, bidiyon nan! Rabinsa takalman mutane ne da faranti, akwai inda wata gwaggo ta ɗauki hancinta na minti biyu tana neman inda ake dannawa. Amma amarya ta fito, ango ya fito, kuma aka ce gidan Alhaji sun fi kallonsa a kan na yayarta da na ɗauka da kyau. Duk da haka sunan ya riga ya bi gari. Mista Arha. Wasu da ke kiransa gyara suka daina.

Ni kuma na kasa faɗin gaskiya. Abin da na iya kawai, tun daga makon nan kullum da rana sai in sayo masa fura da nono, damu mai kyau, har da sukari. Shekara shida ban fasa ba. Yakan karɓa ya ce, "Malam Ummaru, wannan karamci haka?" In ce, "Zumunci na, Mista." Ya ce, "To, Allah ya raya zumunci," ya shanye har ya kaɗa ƙwarya.

Makon jiya na je wurin Alhaji Maiturare na faɗa masa komai. Daga nan na wuce Gidan Dahala wurin matar marigayi, Mama Rahila. Na zauna a bakin tabarma, na cire hula, na ce, "Mama, na zo da magana mai nauyi. Faifan nan bai ci bikin kowa ba. Ni na zuba, ni na ce a share, ni na ɗora wa Mista."

Ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana share ido da bakin zane.

"Malam Ummaru, ai tun ranar ya gaya mini! Na ce zan zo shagon in wanke shi a gaban kowa, ya hana ni. Ya ce shi ya yi ritaya, sunansa ba ya ciyar da kowa, kai kuwa naka yara tara ke ci a ciki."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Daga baya na sake tada maganar, na ce ai yanzu ƙura ta lafa, ka sa shi ya faɗi gaskiya. Ya ce, 'Rahila, ki rufa mini asiri. Ranar da mutumin nan ya samu sauƙi a zuciyarsa, ranar furata za ta tsaya.'"

Muka yi ta dariya ni da ita, har dariyar ta juye mana hawaye.

Don haka jama'ar benci, da na Unguwar Rogo, da duk wanda ya taɓa kiran sunan nan: ku mai da shi kaina, ni na saya. Sunan mutumin Bitrus. Faifan da ya zaɓa yana nan cikin injin har yau, bai taɓa ɓatar da ko hoto ɗaya ba.

Allah, kai ka san abin da bawan nan naka ya rufa mini, ka san ban nemi gafararsa ba yana da rai. Ka saka masa da alherinsa. Ka ba Mama Rahila da 'ya'yansa haƙuri, ka rufa musu asiri yadda ya rufa nawa. Ni kuma ka yafe mini. Amin.