Gindin Ɗorawar da Na Ɓoye wa Kwamfuta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina yawon allurar rigakafi a kan babur kafin a kawo kwamfuta ofishinmu na lafiya a Gusau. Daga ƙauyukan Tsafe har bayan duwatsun Kwatarkwashi babu ɗakin shan maganin da ban san inda makullinsa yake kwana ba. Idan direba zai kai kaya, wurina yake zuwa. Idan an turo sabon likita, ni ake kira in zana masa hanya a bayan takarda: ka wuce rijiya biyu, ka bar maƙabarta a hagunka, in ka tarar ruwa ya taɓa saiwar marken nan to ka juya, ba ranar ƙetarawa ba ce. Ina tsaki ina cewa a bar ni in yi aikina, amma a raina daɗi nake ji, don babu wanda ya isa ya tsara fita ƙauye ba tare da ya biyo ta teburina ba.

Ba a daɗe da yanko mana jiha daga Sakkwato ba aka kawo kwamfutar. Aka ware mata ɗaki guda, aka sa labule da fanka biyu, aka ɗinka mata mayafi, aka kafa dokar cire takalmi a ƙofa. Mu da muke shan rana har fatarmu ta ƙone, fanka ɗaya muke rabo mu bakwai. Duk wannan bai dame ni ba sai da na ji wanda aka ba kujerar gabanta.

Akawunmu aka ba. Kirista ne, aikin reluwe ya kawo mahaifinsa daga kudancin Kaduna, shi kuwa a Gusau aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsami. A wata ɗaya ni da shi muka kama aiki, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Tudun Wada, matanmu suna aika wa juna abinci da Sallah da Kirsimeti, kuma kullum a bayan babur ɗina yake zuwa ofis. Mutum ne mai haƙuri, wanda ba ya ba ka ƙofar yin faɗa da shi ko kana nema. Aka tura shi kwas na mako shida, ya dawo da jaka mai zif da kwalin faifai. Ranar da na gan shi ya cire takalmi ya shiga ɗakin nan ya ja ƙofa, kau da kai na yi na koma teburina. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Mutumin da bai taɓa tura babur cikin laka ba, shi aka ɗora wa sanin wuraren da ni na taka da ƙafata.

Aikin da aka ba shi kuwa shi ne ya shigar da kowane wurin kula da lafiya cikin na'urar, domin ita ce za ta riƙa fitar da jadawalin fita da na rabon akwatunan sanyi na allura. Ya yi mini bayani da kansa, da murnarsa, kamar mai nuna sabuwar gona. Kowane wuri lambarsa daban, layinsa daban. A layin akwai gurabe: suna, irin wurin, ko babban asibiti ne ko ƙarami ko ɗakin shan magani, ƙaramar hukuma, gunduma, gado nawa, akwai firji ko babu, yana aiki ko an rufe. Sai wani gurbi da yake kira uwa. Ya ce kowane wuri yana da uwa: ɗaki yana cikin gini, gini yana cikin asibiti, ƙaramin wuri yana rataye a jikin babba, wanda ba shi da uwa kuwa na'ura ba za ta san ta inda za a kai masa kaya ba. Na ce to madalla, ashe har dangantaka ta iya. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Takardun ofis ba su ishe shi ba, don rabinsu sunayen wuraren da rufinsu ya faɗi ne tun ba yau ba. Saboda haka aka umarce ni in riƙa zama kusa da shi kullum da hantsi, a kan benci, yana tambaya ina amsawa. Mako uku muka yi a haka. Ina faɗa yana bugawa, ina kallon shekaruna goma sha ɗaya suna shigewa cikin gilashi layi bayan layi. Gaskiya ya iya tambaya. Ya so ya san ko ɗakin haihuwar da ke bayan asibitin nan na Tsafe wuri ne mai zaman kansa ko ɓangare ne, tunda ƙofarsa daban, makullinsa daban. Muka yi ta musu har ya ba shi lambarsa ya rataye shi a jikin asibitin. Wata rana na ce masa duk wannan tsari banza ne in bai san inda mota take zuwa da rani ba ta zuwa da damina ba. Na faɗa ne don in kashe masa gwiwa. Sai ya jinjina kai, washegari na tarar ya ƙara gurbi: hanya da damina.

Wannan gurbin ne shugabanmu ya fi yabawa ranar da ya kawo baƙi su ga na'urar. Ya dafa kafaɗar akawu ya ce wannan ita ce basira. Akawu ya nuna ni ya ce shawarata ce, na ji da kunnena, amma baƙin ko waiwayowa ba su yi ba, idonsu yana kan gilashi. Da ya yi shiru ma da ya fi mini sauƙi, da na sami abin riƙe shi da shi. Kwana biyu bayan haka wani direba da ya shekara yana gaishe ni har ƙasa ya wuce teburina da sallama kawai, ya leƙa ɗakin kwamfuta, ya fito da takarda a hannu ya tafi Wonaka.

A makon ƙarshe akawu ya ce ya tuna akwai wuraren da muke aiki waɗanda ba gini ba ne, kuma ya yi musu nasu irin, ya sa masa suna wurin ziyara. Ya ce in lissafa masa su. Na ba shi rumfar wata kasuwa, da zauren wani mai gari, da barandar wata firamare. Ya buga, ya rataye kowanne a jikin uwarsa, sannan ya juyo.

"Malam, akwai saura?"

Na ce babu.

Akwai. A bayan duwatsun Kwatarkwashi, inda ko babur sai an tura shi a wani hawa, akwai wata ɗorawa babba a tsakanin tungaye huɗu na manoma da makiyaya. Larabar farko ta kowane wata nake zuwa can. Wata tsohuwar ungozoma ce take share gindin, ta shimfiɗa tabarmi, ta bi gida gida ta tara mata. A wani reshe muke rataye sikelin awon yara, har igiya ta yi masa zobe. Ni na fara wannan zuwan da kaina, shekara bakwai kafin nan, ba ya cikin kowace takarda. Malamin ɗakin shan maganin da ke kusa shi kaɗai ya sani, shi ma an yi masa canji ba da daɗewa ba.

Dabarar da na ƙulla a raina ba ta da tsawo. Na ce jadawali zai fito babu ɗorawa, wani zai kawo kuka, shugaba zai tambayi akawu, akawu zai tambayi na'urarsa ta yi masa shiru, daga nan a dawo teburina. Zan yi gyaran murya in ce ai ba komai ne yake shiga gilashi ba. Har yadda zan zauna in faɗi maganar na tsara. Kafin nan kuwa, na ce, ai ni ne mai zuwa, zan ci gaba da zuwa babu wanda zai cutu.

Abin da ban lissafa ba shi ne, da jadawalin ya fito sai aka raba mu shiyya shiyya. Aka ba ni Tsafe gaba ɗaya, aka ba wasu Bungudu inda Kwatarkwashi take, kuma akwatin sanyi ba ya fita sai da lambar wurin da za a kai shi. Larabar farko ta same ni a wani ƙauyen Tsafe ina auna yara, zuciyata tana bayan dutse. Na ce wata ɗaya ba komai, yanzu za a kawo kuka. Babu wanda ya kawo. Wata na biyu na yi niyyar faɗa, har na cire takalmi ɗaya a ƙofar ɗakin, sai na jiyo shugaba a ciki yana ce wa wani baƙo yanzu babu wurin da ya ɓace musu. Na mayar da takalmina na koma. Kullum da safe akawu yana hawa bayan babur ɗina yana ba ni labarin 'ya'yansa, ni kuwa ina tuƙi ina jin haushin nauyinsa.

Bayan Larabar farko ta wata na uku ta wuce, wata ranar Litinin da hantsi, masinja ya ce wata tsohuwa tana nemana a waje. Na same ta zaune a inuwar katanga, takalmanta a hannu, ƙafafunta sun yi furu-furu. Ungozomar ce. Ta taka har bakin titi, ta hau motar kasuwa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ofishin. Ta kwance bakin zaninta ta miƙo mini daddawa a ƙunshin ganye, irin wadda ake kai wa mai jinya.

"Malam, ashe lahiyarka lau. Mun zaci ciwo ya kada kai," in ji ta. "Wata ukku muna shara muna shimhiɗa tabarmi, ba mu ga kowa ba. Nic ce bari in taho in ji. In wani laihi munka yi maku, a yahe muna."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce mata ba su yi komai ba, tsarin ofis ne ya canja. Ta ce to alhamdu lillahi. Tana gyara ɗaurin kallabinta ta ƙara da cewa baƙon dauro ya ɗan zaga tungayen bayan girbi, shi ya sa mata suka matsa mata ta zo.

Da ƙunshin daddawar a hannuna na shiga ɗakin kwamfuta, ko takalmi ban cire ba. Na faɗa wa akawu komai, ban rage ba, har da dalilin. Na so ya zage ni. Sai ya tashi ya ja kujerar baya.

"Kai kas san wurin, kai za ka sa shi," in ji shi.

Haka na zauna a kujerar da na yi wata da watanni ina kwaɗayi. Ƙafarta ɗaya ma girgiɗi take yi. Da yatsa guda na riƙa farautar haruffa, shi yana tsaye a bayana yana nuna mini gurbi. Suna: Gindin Ɗorawa. Iri: wurin ziyara. Uwa: ɗakin shan maganin da ke kusa. Gado: babu. Firji: babu. Hanya da damina: ƙafa. Da na zo kan yana aiki ko an rufe na tsaya, sai akawu ya ce tunda ana share shi ai yana aiki. Gurbi na ƙarshe shi ne ranar da aka je ziyarar ƙarshe. Na san ranar sarai. Na buga ta, na'urar ta karɓa ta ba wurin lamba, akawu ya karanta ta saman kafaɗata. Bai kai ƙarata wurin shugaba ba, abin da ya yi kawai shi ne ya sa sunana a kan wannan layin a jadawali.

Ba mu jira Larabar farko ba, na ba ungozoma rana kafin ta koma, a makon na tafi. Gindin a share yake tas, tabarmi a shimfiɗe, mata sun fi na kullum yawa. Na rataye sikeli a reshensa na fara aiki, ina duban fuskokin yara ina neman waɗanda na sani. Wasu sun rame, wasu fatarsu tana saɓa. Can tsakiyar layi sai ga wata mata da na saba gani da tagwaye, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, kullum sai na tsokane ta in ce ta zo ta ƙarar mana da allura. A ranar kuwa yaro ɗaya ta goyo, kafaɗarta babu kowa. Mai yiwuwa ta bar ɗayan a gida wurin kakarsa, mata suna yin haka. Ban tambaye ta ba, ban tambayi ungozoma ba, har yau ban tambayi kowa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sun gode da na dawo, ta miƙo mini kati guda ɗaya, na karɓa na cike.