Naman da na dafa da hannuna a Bagudo

Da aka ajiye mini ɗanyen nama, yanka sirara, ga tukunyar romo tana tafasa a kan ƙaramin risho a tsakiyar tebur, sai na janye hannuna.

Mijin 'yata ne ya gayyace ni wani shagon abinci a Bagudo. Mai shagon ya koyo wannan girki na mutanen Japan, wanda mai ci ke dafa namansa da kansa, a Kwatano, yana sayar da shi da araha.

Ni kuwa na taɓa karantawa a wata ƙasida cewa wasu baƙi suna zuba giya a romo. Ga kunyar suruki, ga tsoron Allah.

Na sassauta murya na ce wa mai shagon, "Malam, don Allah, mene ne a cikin romon nan?"

Ya yi dariya. "Baba Alhaji, mi kaka tsoro? Busasshen kifin gulbi ne da citta da albasa. Mai naman kuma ga shi can, leƙa ka gani. Sauran aiki naka ne, in bai dahu ba kai ka yi laifi!"

Na leƙa, ashe mahaucin da muke sahu ɗaya a masallaci ne. Na yi bismillah, na tsoma nama da kabeji, na jira fiye da kowa. Na ci har na nemi ƙari.

Allah ya saka wa bawan Allahn nan da bai ji haushin tambayata ba. Ku fa, kuna tambaya, ko kunya ke sa ku haɗiye?