Bencinan da Malam Ya Hana Aro

Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, abin da idona ya gani shi zan faɗa, jikata tana rubutawa.

Daga ƙasar Maradi ikilisiyarmu ta turo maigidana, Malam, zuwa Wagadugu aikin bishara. Muka kama gida a Zongo, cikin 'yan'uwanmu Hausawa, direbobi da 'yan kasuwa da malamai. Ɗakin gaba ya mayar wurin sujada. Ya je unguwar Tampouy wurin kafinta, aka yi masa benci takwas, ya shafa musu mai da hannunsa.

To, al'adar unguwar, in an yi haihuwa ko rasuwa, gida-gida ake bi ana aron abin zama. Aka zo mana sau ɗaya, sau biyu. Malam ya ce kayan ɗakin Ubangiji ne, ba sa fita. Ba wanda ya yi masa musu. Aka daina zuwa aro, gaisuwar ma ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Shekara shida, duk Lahadi, mu ne dai da 'ya'yanmu da wani tsohon maigadi Bamoshe, ɗan ƙasar. Benci biyu sun ishe mu. Malam ya rame, abinci sai na yi da gaske. Ƙarshe ya ce ran Litinin zai buga wa shugabanni waya su mayar da mu gida, Allah bai ba shi wannan ƙasa ba.

Ran Asabar matar maƙwabcinmu, direban kamiyo, babbar motar kaya, ta rasu. Damina ce, ƙofar gidansu duk caɓi. Na dawo daga wurin mata na tarar da dattawa tsugune a jikin bango, tabarmi sun jiƙe. Na shiga na gaya wa Malam. Na ce masa tsofaffi na tsugune a laka, katakonsa na nan a bushe.

Ya shiga ɗakin sujada ya durƙusa, ya daɗe. Da ya fito idonsa ja.

"Uwar yara, ba don Allah na hana ba. So nake duk wanda zai zauna a kansu, ni ya zo saurara."

Shi ya ɗauki bencinan a ka zuwa gidan makokin, ɗaya bayan ɗaya, har takwas. Limamin unguwa ya dube shi ya ce, "Fasto, ashe bencinan nan suna da ƙafa." Aka yi 'yar dariya, aka matsa masa ya zauna. Kwana uku yana zaman makoki tare da su, bai yi wa kowa wa'azi ba. Lahadin nan a ƙasa muka yi sujada.

Litinin ta zo, na tuna masa da wayar. Ya ce ya roƙi gafara, aikin ba nasa ba ne balle ya ajiye shi don ransa ya ɓaci. Masu sujada ba su ƙaru sosai ba. A Zongo muka zauna har ya tsufa, a nan aka binne shi.